"Ai ta kamfani ce": kirkin mutum na zuci ne ko na ido?

Ɗan Augie:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun girbin rani da ya wuce. A gida na rasa wanda zan yi maganar da shi, shi ya sa na kawo ta nan.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. A garinmu in aka ce a nuna mutumin kirki, shi za a fara nunawa. Marayu biyu ya riƙe har ya aurar da su. Mutane suna ba shi ajiyar kuɗi, ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba. Matan da ke gumi, wato turara shinkafa, in sun zo sayen shanshera (shinkafar da ba a casa ba) wurinsa, sai ya cika musu tiya har tana zuba, ya kuma ƙara musu gyara.

Ranar da motar masu saya wa kamfani za ta zo, na yi sammako zuwa wurinsa. Na tarar yaransa suna yayyafa wa shinkafa ruwa kafin a ɗura ta a buhu. A tsakiyar buhun ana zuba wadda ba a sheƙe ba, mai ƙaiƙayi da ƙasa, sannan a rufe baki da mai kyau. Su masu saya wa kamfanin da sikeli suke saye, nauyi suke biya. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ai ta kamfani ce." Ya ci gaba da ƙirga buhuna. Abin da ya fi damuna shi ne bai yi ƙoƙarin ɓoye mini ba. Da ya ji kunya, da na ce ya san laifi yake yi.

Haka nan bashin noman shinkafa da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Kawu ya karɓa, gonarsa ta yi kyau, bai biya ba. Ya ce rabonsa ne na arzikin ƙasa.

Ba na kawo shi nan don a zage shi ba, mutumin nan shi ya biya mini kuɗin jarrabawa. So nake in gane: wanne ne kawuna na gaskiya, mai ƙara wa mata gyara ko mai jiƙa buhu? In duka biyun shi ne, to mene ne kirki?

Abu Jega:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar ba ta da daɗi amma ba ta da wuya. Abin da muke kira kirki, yawancinsa kunya ce, kunya kuwa ido take bi. Matar da ke sayen tiya biyu gobe za su haɗu a gidan suna, ta san matarsa, ta san limaminsa. In ya cuce ta, kafin la'asar gari ya ɗauka. Kamfani kuwa ba ya zuwa ta'aziyya. Shekara goma sha biyar ina harkar albasa tsakanin Aliero da kudu, na ga yadda ake jera manya a bakin buhu, ƙanana da masu taɓo a ciki. Masu yi ɗin a sahun gaba suke salla. Ɗan Adam haka yake, ka ɗauke ido ka ga halinsa.

Ɗalibin Aliero:
Yaya Abu, maganar nan taka an yi ta a ƙasar Girka fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Masanin falsafa Aflatun ya kawo ta a bakin ɗan'uwansa Gilaukon. Ya ba da labarin wani makiyayi a ƙasar Lidiya da ƙasa ta tsage a gabansa, ya shiga ramin ya sami zobe a hannun wata gawa. Daga baya ya gane in ya juya kan zoben zuwa cikin tafin hannunsa, ɓacewa yake yi, kamar mai layar zana. Bai daɗe ba ya shiga fada, ya lalata matar sarki, ya kashe sarkin ya hau gadonsa. Sai Gilaukon ya ce, a samo irin zoben guda biyu, a ba adali ɗaya a ba azzalumi ɗaya, za ka ga hanya ɗaya za su bi. Wato a ganinsa adalci tilas ce, ba so ba.

Amma ni labarin kawun nan bai yi mini kama da na mai zobe ba. Mai zobe ɓuya ya yi. Kawu bai ɓuya ba, a gaban yaransa da ɗan 'yar'uwarsa ya yi. Akwai ido a wurin. Ina ga wani abu ne dabam.

Baba na Suru:
Ɗana na Augie, na karanta abin da ka rubuta, na ga kuma yara sun fara kawo muna labarin Girka. Ku dakata. Shekara talatin da wani abu ina noman fadama. Cikinku wa ya taɓa tsayawa gaban sikelin waɗanga mutane? Buhun da munka auna gida, in an kai wurinsu sai a ce ya rage. A ce danshi, a cire. A ce datti, a cire. Ko shinkafar ta bushe ƙayau sai an cire. Kuɗɗin kuma ba nan take ba, wani lokaci sai ka yi sati biyu kana bin sawu. To mutumin da ya san ko ya jiƙa ko bai jiƙa ba sai an yanke mai, mi kake so shi yi? Abin da anka ƙwace mai da ƙarfi shi ne yake maidowa da dabara.

Mu muke shiga ruwa da sanyin asuba, mu muke sayen man injin ban ruwa da tsada, mu muke korar tsuntsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗɗi. In za ku yi hukunci, ku fara da babban ɓarawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malam na Gwandu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙorafinka gaskiya ne, kuma wanda ya murɗe sikeli yana da sura sukutum a kansa, Wailun lil muɗaffifin. Amma zan roƙi arziki in faɗi abin da na sani.

Abin da kawun nan ya yi, kusan irinsa ne ya faru a kasuwar Madina. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo lema. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura, shi wancan ba shi ya zuba ruwan ba, ɓoyewa kawai ya yi. Kuma ba a tambayi wa zai saya ba, ɗan gari ne ko baƙo.

Akwai kuma ayar da nake ganin ita ce ta taɓo ciwon kai tsaye, ta 75 a Ali Imrana. Allah ya ba da labarin mutane iri biyu: wani ko dukiya mai yawa ka ba shi amana zai dawo maka da ita, wani kuwa ko dinari ɗaya ka ba shi ba zai dawo da shi ba sai ka tsaya a kansa. Dalilin na biyun shi ne abin dubawa. Ba cewa suka yi cin amana halal ne ba. Cewa suka yi babu laifi a kanmu game da waɗannan, don ba namu ba ne. Da na karanta "ai ta kamfani ce", wannan ayar ce ta faɗo mini. Kawu bai halatta cuta ba. Ya dai fitar da wasu daga cikin waɗanda ake iya cuta.

Abu Jega:
Malam, Allah ya gafarta, kawun nan ya san hadisin. Kowane yaro da ya je makarantar allo ya ji shi. In sani ne ke hana algus, da babu buhu ɗaya mai ƙasa a jihar nan.

Malam na Gwandu:
Haka ne, Abu. Shi ya sa ban ce jahilci ne ba.

Hajiya Mai Gumi:
Sannunku da muhawara. Ni ba 'yar boko ba ce, ɗiyata ke rubuta mini, amma shekara ashirin ke nan ina gumi a Argungu, don haka bari in gaya muku inda ruwan nan da aka yayyafa yake zuwa.

Shanshera in an ɗura ta da lema aka jibge buhu bisa buhu, kwana kaɗan take ɗaukar zafi. Ƙwayar ta yi ja, ta fara wari, wata ta yi funfuna. Wadda kamfani ya ƙi karɓa ba zubar da ita ake yi ba. Dillalai ke kwasowa su dawo da ita kasuwa da ɗan sauƙi, mu masu ƙaramin jari mu saya. Na taɓa sayen buhu uku haka, da na zazzage na zauna na yi kuka, don kuɗin adashe ne na ɗauka. Na turara, na shanya, na kai inji, rabi ya kakkarye. Wadda ta fita kuma wa ya ci? Ba mai kamfani ba. Talaka ne mai awon kwano ɗaya da yamma.

Baba na Suru, da girmanka, ina da magana. Kana cewa sai an yanke muku ko kun jiƙa ko ba ku jiƙa ba. To me ya sa aka fara yankewa? Mai saye ya sha wuya sau ɗaya sau biyu, sai ya ɗauka kowane buhu jiƙaƙƙe ne, ya yanke wa kowa. Mai gaskiya ya ga ana yanke masa a banza, shi ma ya ɗauki bokiti. Mai saye ya ƙara yanka. Yanzu ba wanda zai iya cewa ga wanda ya fara. Wanda ya fi kowa asara shi ne manomin da har yau yake shanya tasa kwana uku a kan tamfol.

Lokacin da aka rufe iyakoki a 2019, muka samu kasuwar da ba mu taɓa gani ba. Abin da mutanen birni suka riƙa kuka da shi ɗaya ne, tsakuwa. Kowace tsakuwa da ta fasa wa wani haƙori a Legas, sunan shinkafar gida ta ɓata, har da tawa da na tsince da hannuna.

Baba na Suru:
Hajiya, na ji. Ban ce abu ne mai kyau ba. Cewa na yi ku san abin da ya kai mutum.

Malama Asabe:
Ina koyar da ilimin zamantakewa a nan Birnin Kebbi, kuma wannan zancen duk shekara sai ya taso a aji. Akwai wani masani ɗan Najeriya, Farfesa Peter Ekeh, ɗan ƙabilar Urhobo, da ya yi rubutu a kai a 1975. Ya ce mulkin mallaka ya bar mana jama'a iri biyu a cikin kai ɗaya. Ta farko ita ce ta dangi da gari da ƙabila: a nan mutum yana jin nauyi, yana bayarwa ko ba a roƙe shi ba, in ya ci amana ba ya iya barci. Ta biyu ita ce ta gwamnati da ofis da ma'aikata, wadda baƙo ya kafa ta don karɓar haraji da jangali. Wannan ba a taɓa jin ta a jiki ba, wurin ɗiba ce kawai. Har ya nuna cewa wanda ya ɗebo daga ta biyu ya kawo wa ta farko, yabo yake samu, ba zargi ba.

Ku duba yadda muke magana. Ma'aikacin da ya yi shekara talatin da biyar ya fito ba gida ba mota, me dangi ke cewa? Ba ya da wayo, ko bai taimaki kowa ba. Wanda ya kwaso ya gina masallaci ya kai mutane Makka, shi ake yi wa kirari. Mu da kanmu muke koya wa mutum cewa amana tana da iyaka, iyakarta kuma bakin gari.

Don haka, ƙanena na Augie, ba na jin kawunka mutum biyu ne. Mutum ɗaya ne mai amana ta gaske, amma an gaje masa shinge, an ce daga nan zuwa nan ne mutane. Abin da ke bayan shingen, a idonsa, daji ne, kowa ya samu ya ɗiba. Matsalar ita ce rayuwarmu ta riga ta tsallake shingen. Kakanninmu da wanda suka sani suke ciniki. Mu kuwa shinkafarmu tana zuwa Legas, tun ma kafin yarjejeniyar da jihohin Kebbi da Legas suka yi ta fito da shinkafar Lake a ƙarshen 2016. Cinikinmu ya yi nisa, kunyarmu ba ta bi shi ba.

Abu Jega:
Malama, kin yi bayani mai kyau, amma kin dawo kan maganata ta wata ƙofa. Amanar da ke tsayawa a inda aka san ka, ai ita ce kunya. Ni abin da na gani ya yi aiki ɗaya ne. Da masu saye suka fara zuwa da ƙarfen da suke soka wa buhu har tsakiya, da na'urar gwada danshi, suka ce in ya haura kashi 14 cikin 100 ba su ɗauka, nan da nan aka koma shanya. Wa'azin shekara ashirin bai yi abin da ƙarfen nan ya yi a kaka ɗaya ba. A ba ni na'ura, a riƙe nasiha.

Ɗalibin Aliero:
Yaya Abu, na'ura tana busar da shinkafa, amma ba ta canza mai ita ba. Wani Bajamushe, Kant, ya kawo misalin nan a 1785: ɗan kasuwar da ba ya cutar yaro in an aiko shi sayayya, don ya san in labari ya bazu kasuwarsa za ta mutu. Ya ce aikinsa ya dace da gaskiya, amma ba don gaskiya ya yi shi ba. Ranar da cuta ta fi riba, zai yi ta. Kuma mai gwada danshin shi ma mutum ne, ana iya sa masa wani abu a aljihu. Sai a nemo mai gadin mai gadi, har ina?

Game da cewa in an ɗauke ido kowa ɓarawo ne, akwai gwajin da aka wallafa a 2019. Masu bincike sun kai jakunkunan kuɗi sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40. Sukan miƙa wa ma'aikacin banki ko otal ko gidan waya, su ce tsintuwa ce, su tafi. A ciki akwai kati mai sunan mai ita da adireshinsa na imel. Wasu jakunkunan babu kuɗi, wasu akwai. A ƙasashe 38 daga cikin 40, waɗanda ke da kuɗi aka fi nemo masu su. Da zancenka ne, da akasin haka za a gani. Kuma jakar da aka sa wa makulli a ciki an fi mayar da ita a kan wadda babu, alhali makullin ba ya amfanar wanda ya tsinta. Tunanin wani yana can tsaye a ƙofar gidansa ya rasa makulli, shi ya motsa mutane.

Abu Jega:
Da kuɗin sun kai na buhu ɗari na albasa, da mun ga gaskiyar lamari.

'Yar Zuru:
Bari in sa baki, ko da yake mu a ƙasar Zuru dawa muka fi nomawa. Ni Kirista ce, kuma abin da Malam na Gwandu ya kawo ya tuna mini da wani wuri a Linjila, Luka sura 10. Wani masanin Attaura ya yarda cewa an ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, sai ya tambayi Yesu, to wane ne maƙwabcina? Neman iyaka yake yi, a gaya masa daga ina nauyin ya sauka. Amsar da ya samu ita ce labarin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, nasa suka wuce shi, Basamariye wanda ba sa ga maciji da su ya tsaya ya ɗauke shi. Ashe tambayar tsohuwa ce, kuma ba ta addini ɗaya ba ce.

Yaya Abu, inda na saɓa da kai shi ne raina kunya da kake yi. A al'adar Lelna, mutanen ƙasar Zuru, akwai golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Da farko don ido yake yi, kar a ce rago ne. Amma kakana yakan ce wanda ya gama golmo ko shi kaɗai ne a gona ba ya iya barin kunyar noma rabi, hannunsa ya riga ya saba. Yaro ma da tsoron idon uwa yake fara barin ɗaukar nama a tukunya. In an yi sa'a, idon sai ya koma ciki. Ba a haifi kowa da shi a ciki ba, kuma ba kowa ne yake mutuwa yana waje ba.

Malam na Gwandu:
'Yar'uwa, kin faɗi abin da malamanmu suka faɗa. Imam Gazali ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzuwa, ya ce da haka ne da wasiyya da wa'azi da tarbiyya duk sun zama banza. Mu kan ce hali zanen dutse, amma shi zanen ai wani ne ya yi shi, kuma ba rana ɗaya ba. Ibn Khaldun ma ya ce mutum ɗan abin da ya saba ne.

Abu kuma ba a kan kuskure yake gaba ɗaya ba. Shari'a ba ta taɓa dogara da zuciya kaɗai ba, shi ya sa aka sa muhtasibi a kasuwa yana duba mudu da sikeli. Sayyidina Umar da kansa ya hana gauraya madara da ruwa, yana kuma zagaya gari da dare. A irin wannan zagayen ne ya ji wata uwa tana ce wa 'yarta ta zuba ruwa, Umar ba ya gani, yarinyar ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani. Ya aura wa ɗansa Asim ita, daga zuriyarsu aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. A labari ɗaya ga doka ga zuciya, ba a ce a zaɓi ɗaya ba.

Mu nan Gwandu muna da abin tunawa a kusa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ana tsakiyar jihadi, ya ga yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga dukiya da mulki, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam don a san yadda za a riƙe mutane da adalci, sannan ya dawo. Mutanen da suka ji wa'azi daga bakin Shehu ke nan. Wanda ya fi kowa sanin darajar gyaran zuciya, da ya ga abin da ganima ke yi wa zuciya, sai ya zauna ya rubuta ƙa'ida.

Baba na Suru:
To ku zo ga zancen bashi, don nan ne nike jin zafi. A damanar 2020 ruwa ya cinye muna gonaki, daga Argungu har Suru har Bagudo babu abin da munka ɗauka. Shinkafa ta fara fitar da kai, ta kwana cikin ruwa sati biyu. Mutum ya rasa abin da zai ba ɗiyansa, a ce kuma maci amana ne don bai biya ba?

Malam na Gwandu:
A'a Baba, wannan dabam. Allah da kansa ya ce in mai bashi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, aya ta 280 a Baƙara. Wanda ambaliya ta cinye, ba shi da laifin jinkiri. Hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, a kan wanda ya girbe ya sayar ya riƙe yake. Ɗan Augie ya ce gonar kawunsa ta yi kyau.

Malama Asabe:
Kuma wanda ya girbe ya ƙi biya, a inuwar wanda ruwa ya ci yake fakewa. In an zo rabo na gaba aka ce manoman wuri kaza ba sa biya, Baba ne za a hana, ba shi ba. Amma ni ma zan ba Baba gaskiyarsa a wuri ɗaya. Talaka yana ji a rediyo an ce wane ya ci biliyan kaza, gobe ya gan shi ana yi masa jiniya. Da wuya ka gamsar da shi cewa asusun da manya suka mayar rijiyar gidansu, shi kaɗai ne zai ɗauke shi amana. Ba hujja ba ce a gaban Allah, amma duk mai son a gyara sai ya fara ta can.

Hajiya Mai Gumi:
Ɗana na Augie, in za ka yi masa magana, kar ka je da aya da hadisi, ya fi ka sanin su, kuma kawu ba ya son ɗan 'yar'uwarsa ya zaunar da shi. Ka bi ta wurin mahaifiyarka, yayarsa ce, tana da bakin da ba ka da shi.

Ɗan Augie:
Na gode muku duka. Kwana biyu ban leƙo ba, na je gida ne. Na bi shawarar Hajiya, na fara gaya wa Inna. Ta yi shiru, ta ce in kira mata shi bayan isha'i, ni kuma in zauna daga bakin ƙofa.

Ba ta ce masa ya yi laifi ba. Labarin Hajiya ta ba shi, na buhu uku da kuɗin adashe, kamar yadda na karanta mata. Sannan ta ambaci wata bazawara a unguwarmu da ke gumi tana ciyar da 'ya'ya huɗu, wadda shi da kansa yake ƙara wa gyara. Ta ce, "In buhunka ne kamfani ya ƙi, dillali ya dawo da shi kasuwar nan, ita ta saya fa?" Kawu ya ce, "Subhanallahi, Yaya, ai ba zan yi mata haka ba." Inna ta ce, "Ka tabbata ba ka riga ka yi ba?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, maganar Baba na Suru ya yi kusan kalma da kalma: to sikelin nasu wa zai gyara? Ya ce in ya daina jiƙawa aka ci gaba da yanke masa, shi aka mayar wawa. A nan na sa baki, na ce me zai hana su manoman unguwa su haɗa kuɗi su sayi sikelinsu, a auna kowane buhu a gaban shaidu kafin mota ta zo, a rubuta nauyi a jiki. Ya ce zai tuntuɓi mutum biyar da suke ban ruwa tare. Ya kuma ce wa Inna girbin damina ba za a zuba ruwa ba. Zancen bashi kuwa ko kusa bai motsa ba, ya ce ranar da manya suka dawo da nasu a zo a same shi. Inna ta ce za su sake zama.

Yanzu abin da nake nema: wa ya san inda ake samun sikeli mai kyau a Birnin Kebbi, wanda zai ɗauki buhu mai kilo 100?

Hajiya Mai Gumi:
Akwai masu sayarwa a babbar kasuwa. Ku ɗauki na dandamali wanda ake ɗora buhu a kai, ba na rataye ba, na rataye saurin sakin jiki yake. Kafin ku biya, ku ce a ɗora masa dutsen awo a gabanku. Kuma kar a ajiye shi a gidan mutum ɗaya cikin masu sayarwa, ku kai shi zauren mai unguwa.

Baba na Suru:
In kun saya ka gaya mini nawa ne. Mu ma nan mu shida ne bisa fadama guda.